Gwangwanin Rufin Asiri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma manajan kamfaninmu na motocin safa da mataimakansa. Likitarmu da ma'aikatan wannan sabon asibiti da muka taru domin buɗewa. Shugabannin ƙungiyar direbobi da ta makanikai. 'Yan'uwana 'yan fansho, waɗanda aka jera mu a sahun gaba don kada gobe mu ce ba mu ji ba. Iyayenmu mata da matan ma'aikata da ke zaune ta wajen taga. 'Ya'yana direbobi, da kwandastoci, da masu walda, da masu faci, da masu wankin mota. Jama'a baki ɗaya, ina yi muku barka da ganin wannan rana.

Ina godiya ga Allah da ya ja kwanana har na ga wannan gini. Ina godiya ga likita da ta aiko har gida ta ce in zo in yi magana, ina kuma godiya ga shugaban taro da ya ce in taƙaita, ko da yake ya san wanda ya gayyato. Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ne na riƙe ɗakin gwaji na tsohon asibitin can na bayan gareji, wanda aka ce za a rushe, fiye da rabin rayuwata. Sunana na yanka ya ɓace a cikin wannan kamfani tun ina da baƙin gashi. Ungo Kwalba ake ce mini, domin duk wanda ya shigo wurina, ko ciwon kai ya kawo, kafin ya gama gaisuwa na miƙa masa kwalbar fitsari. Har yau idan na haɗu da tsofaffin direbobi a hanya, da wannan suna suke ɗaga mini hannu, kuma wallahi ya fi mini daɗi a kunne fiye da Malam.

Maganata uku ce: abin da na tarar, abin da na gani yana lalacewa a kan idona, da kuma abin da na zo roƙo. Kuma tun yanzu ina neman afuwar iyayenmu mata, domin zan ambaci abin da ba a saba ambata a gabansu ba. Ciwon sanyi nake nufi, na maza, wanda likitoci ke kira gonoriya, wanda ake ɗauka ta hanyar kwanciya, mai sa mutum ya shiga ban ɗaki yana cije leɓe. Na ga wasu sun sunkuyar da kai suna duba takalmansu. Ku ɗago, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko, abin da na tarar.

Tsohon asibitin nan ɗaki biyu ne da baranda. A barandar akwai wani dogon benci na katako, ƙafarsa ɗaya gajera, an tokare ta da guntun taya. A ciki akwai fanka mai kuka kamar tana neman taimako, da tukunyar ƙarfe da muke dafa allurai a cikinta, domin a zamanin nan ba a yar da allura, dafawa ake yi a sake amfani da ita. Warin sinadarin wanke ƙasa da warin man gareji sun gauraya a wurin har sun zama wari ɗaya, kuma ni har yau idan na ji irinsa sai in tuna da wurin. Akwai tsohon likitanmu, Allah ya jiƙansa, mutum mai kaurin gira da ƙarancin magana, wanda kuka sa wa suna Sauke Wando. Direba zai shigo yana kame-kame, yana cewa, "Likita, wato jiya ne na tsallake wani fitsari a tasha, ina jin shi ne ya kama ni." Tsoho ba zai ko ɗago kai ba, sai ya ce, "To, sannu da tsallake. Sauke wando." Allura ɗaya ta fanisilin, mutum ya fito yana ɗingishi yana zagin likita a zuci, kafin mako ya zagayo ya dawo yana yi masa addu'a.

Allura ɗaya, jama'a. Ina so matasan da ke nan su ji wannan da kyau, domin yanzu ya zama kamar tatsuniya. Mun yi zamanin da ciwon nan yake jin tsoronmu. Mun yi zamanin da likita zai ce wa mutum "ka warke" tun kafin ya zare allurar, kuma maganarsa ba ta faɗi ƙasa.

Ni kuwa aikina a ɗakin ciki yake, kuma bari in gaya muku yadda yake, domin duk maganata a kansa ta rataya. Idan na karɓi abin gwaji daga jikin majiyyaci, sai in shafa shi a kan wani ɗan faranti mai abincin da ƙwayar cutar take so. Sannan in ɗora wasu 'yan ƙananan takardu a kai, kowace an jiƙa ta da nata maganin daban, in sa farantin a akwatin ɗumi. Idan na buɗe, sai in tarar ƙwayar ta yaɗu ta rufe farantin, amma a kewayen kowace takardar da maganinta ke aiki akwai fili fes, zobe mai tsabta, inda ƙwayar ta kasa matsowa. A farkon aikina, zoben fanisilin ya fi murfin kwalbar lemo faɗi. Nakan ɗaga farantin wajen hasken taga in tsaya ina kallo kawai, don daɗi. Sauke Wando yakan leƙo ya ce, "Kai, Ungo Kwalba, wata kake duba?" In ce, "Likita, zo ka ga yadda take gudu." Sai ya zo mu tsaya mu biyu muna kallo, majiyyata na jira a waje.

Amma wannan benci na baranda yana da aibi ɗaya: yana fuskantar kantin cin abinci. Duk wanda ya zauna a kansa, kamfani gaba ɗaya ya gan shi. Kuma kun san bakin 'yan gareji. Mutum na zaune da zazzaɓinsa na gaskiya, sai ka ji daga can an ɗaga murya, "A'a, direba, wace tashar ce ta yi maka rakiya?" Dariya ta ɓarke. Saboda wannan benci ne, ba don mugunta ba, aka haifi abin da na zo magana a kansa.

A ɗakin canza kaya na direbobi, a kan durowar ƙarshe ta jikin bango, akwai wani gwangwanin madara. Babu wanda ya san wanda ya fara ajiye shi, ni dai na tarar da shi. Dokarsa ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. Idan ka sayi kafso, ka sha har zafin ya lafa, ragowar ba ka kai shi gida inda uwargida za ta gani ta yi tambaya, sai ka jefa a gwangwani. Idan kuma kai ne ciwon ya kama, sai ka jira ɗakin ya yi shiru, ka miƙa hannu sama, ka ɗebi abin da ya sawwaƙa. Ba ka tambayi kowa ba, babu wanda ya tambaye ka. Idan wani ya shigo ya tarar da hannunka a sama, sai ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin durowarsa. Gwangwanin rufin asiri, haka kuke kiransa.

Ba zan tsaya a nan in zagi waɗanda suka yi wannan ba, domin na san su, na ci abinci da su, na raka da yawansu makwancinsu. Mutane ne masu zumunci irin wanda yanzu sai an tona. Su ne idan motar ɗayansu ta mutu a daji, na bayansa ba ya wucewa. Su ne idan ɗayansu ya kwanta, sai su karɓi tafiyarsa su yi masa, iyalinsa ba su ji a jikinsu ba. Da wannan zuciyar suka ajiye gwangwani. Ni da Sauke Wando mun ɗauke shi ya fi a ƙirga. Mu ɗauke yau, gobe wani ya zauna a wurin, har da sabon murfi. Ranar da tsoho ya gaji ya ce mini, "Bar su. Gwangwanin ba a kan durowa yake ba, a cikin kunyarsu yake."

Na biyu, abin da na gani yana lalacewa.

Zoben nan da na ba ku labari bai ɓace rana ɗaya ba. A hankali ya riƙa tsukewa. Daga faɗin murfin kwalba ya koma faɗin maɓallin riga. Wata safiya na buɗe akwatin ɗumi na tarar ƙwayar ta hau har kan takardar fanisilin ta zauna, babu ko siririn fili. Na ɗauka ni ne na yi kuskure, na sake gwadawa, na sake samun haka. Na kai wa Sauke Wando, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ta daina jin tsoronmu." Aka kawo sabon magani, muka yi murna, zobe ya dawo. Shi ma ya yi zamaninsa ya tsuke. Aka kawo ƙwayar haɗiya wadda aka ce ita ce ƙarshen magana, ita ma na ga ƙarshenta kafin in yi ritaya. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma a wannan ciwo tsohuwar zumarmu ta zama ruwa.

Makanikai, ku za ku fi kowa gane dalili. Kun san noti idan ya ƙi kwancewa, aka yi ta murɗa shi da sifanar da ba tasa ba, wannan ya gwada, wancan ya gwada, har kansa ya sule. Ranar da aka kawo sifanar gaskiya, ba ta da inda za ta kama. Haka ƙwayar nan take. Maganin da ba nata ba, ko nata amma rabi, ba ya kashe ta. Yana kashe raunana ne kawai, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, su wuce jikin wani da taurin kansu. Zafi ya lafa, mutum ya ce ya warke, alhali ciwon ya kwanta ne kawai. Ba gwangwaninmu kaɗai ya jawo wannan ba, domin abin ya game duniya, kuma ko'ina akwai mai sayar da kafso ba tare da gwaji ba, akwai mai sha ya bari a rabi. Amma mu ma mun zuba namu a ciki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu zan ba ku labarin da ya sa na amsa wannan gayyata. Da izinin masu shi zan faɗa, kuma kada kowa ya wahalar da kansa wajen waige-waige, domin na sauya abin da zai sa a gane su.

Ina da aboki, tsohon ma'aikacin wannan kamfani, wanda muka fara aiki kusan tare. Ɗansa ya gaje shi a nan, ya yi aure, matarsa ta samu ciki. Ana cikin haka ya yi tafiya, ya yi abin da bai kamata ba, ya dawo da ciwo. Ya tuna da benci, ya tuna da bakin 'yan gareji, sai ya miƙa hannu kan durowar ƙarshe, kamar yadda ya ji manya na yi. Ya sha, zafi ya ragu, ya yi hamdala ya koma gida. Matarsa ba ta ji komai ba, domin sau da yawa ciwon nan a jikin mace shiru yake yi, ba zafi, ba alama. Ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace.

'Yan kwanaki da haihuwa, idanun jaririyar suka kumbura suka manne, mugunya na fita. Aka ce ai haka jarirai ke yi, a goge da ruwan ɗumi. Aka goge, aka jira, abu ya ƙi. Sannan ne abokina ya zo gidana da hantsi, ko zama bai yi ba ya ce, "Ungo Kwalba, taso ka ga jikata. Tun da aka haife ta ban ga ƙwayar idonta ba." Da muka isa gidan na ɗaga mayafin na ga fuskar yarinyar, nan take na gane ciwon, domin na san wannan mugunya tun ina saurayi. Jariri yana ɗaukar ta ne a hanyar fitowa duniya, kuma idan aka yi jinkiri tana cin ido. Na ce su ɗauko ta yanzu-yanzu. Na ja uban yarinyar gefe na tambaye shi, ya ce, "Baba, ai na sha magani. Na gwangwani na sha."

A babban asibiti aka karɓe ta, aka yi mata allura nan take, aka yi wa uwar, aka yi wa uban. Da sakamakon gwaji ya fito, na roƙi ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta bar ni in ga farantin, ta yi mini kara saboda furfurata. Na ɗaga shi wajen taga kamar yadda na saba. Jama'a, duk magungunan da na yi rayuwata da su, duk waɗanda na taɓa yi wa murna, ƙwayar ta haye kansu ta zauna. Takarda ɗaya tak ta rage da zobe a kewayenta, ita ce ta allurar da aka yi wa yarinyar. Na tsaya da farantin a hannu ina tuna Sauke Wando, na ce a raina, Likita, gara da ba ka ga wannan ba. Ban ji kunyar hawayen da na yi a gaban ma'aikaciyar nan, 'yar mutane, ba.

Wannan zobe ɗaya shi ya ceci idon dama. Na hagu an makara, fari ya rufe shi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan ciwo ba haka abin yake ba. Wanda ya ja ruwan ya warke, yana tuƙa motarsa. Wadda ruwan ya doka ba ta taɓa zuwa tasha ba, ba ta san benci ba, ba ta san gwangwani ba.

Da na je neman izinin ba da wannan labari, abokina ya ce in tambayi ɗansa, ɗan ya ce in tambayi matarsa. Na same ta tana shanya, na faɗa mata abin da ya kawo ni, ina ta zagaye-zagaye irin na tsofaffi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Baba, ka faɗa. Ka faɗa musu duka. Sun rufa wa junansu asiri, ni ba wanda ya rufa mini. Da ya gaya mini, da na yi fushi, da na yi kuka, wataƙila da na tafi gidanmu, amma da 'yata tana da ido biyu."

Na uku, abin da na zo roƙo, kuma shi ne mafi gajarta.

Ina roƙon 'ya'yana maza: wanda bai ɗauko ba, kada ya ɗauko. Ka tsare kanka, ka tsare gidanka, idan kuma ka san ba za ka iya tsare kanka ba, to ka sa kariya, kada ka kai wa baiwar Allah abin da ba ta saya ba. Wanda ya ji alama, kada ya nemi shawarar abokin tafiya, kada ya tsaya wurin mai kafso a bakin tasha, ya zo nan a gwada shi. Abin da likita ta ba ka, ka shanye shi ko ka karɓe shi duka, idan ta ce ka dawo a sake dubawa, ka dawo ko da kana jin garau. Kuma ka zo da matarka. Na san wannan ita ce maganar da ta fi allura zafi, amma idan aka yi maka magani aka bar ta, ba a yi komai ba. Kunyar marar kunya asara ce, ƙwayar nan kuwa ba ta da kunya ko ta ƙwayar zarra.

Ina roƙon 'yan gareji masu kaifin baki: ku yi wa mutum tsiya a kan tuƙinsa, a kan tumbinsa, a kan ƙungiyar ƙwallonsa, amma idan kuka ga ya nufi asibiti, ku nemi abin da bai ɓata ba a cikin durowarku, kamar yadda iyayenku suka iya. Na zagaya sabon ginin nan da safe, na ga likita ta sa an yi masa ƙofa ta baya wadda ba ta kallon kantin abinci. Allah ya yi mata albarka. Da mun samu wannan ƙofa a zamaninmu, da wataƙila labarin da na ba ku bai faru ba.

Ina roƙon likita da ma'aikatanta: ku riƙe sirrin mutanen nan kamar yadda za ku riƙe naku, domin ranar da magana ɗaya ta fita daga wannan ɗaki, ranar gwangwani zai dawo. Kuma ku yi tattalin allurar nan da ta rage. Na ji ana cewa a wasu wurare ita ma zobenta ya fara tsukewa.

Shugaban taro, ka yi mini haƙuri, saura kaɗan. Kafin in shigo nan na bi ta ɗakin canza kaya. An sake fenti, an sake durowoyi, an sa sabuwar fanka marar kuka. Na miƙa hannu kan durowar ƙarshe, don in tabbatar wa kaina zamani ya wuce. Ga abin da hannuna ya taɓo. Ku ji ƙararsa, ba fanko ba ne. A da a ɓoye nake ɗauke shi, yau na ɗauke shi a gabanku, ga shi na ajiye a kan teburin shugaba. Idan gobe wani ya zauna a wurinsa, ni ba zan gani ba, ƙafata ta daina kawo ni nan. Ku ne za ku gani.

Yarinyar nan yanzu ta yi wayo, tana gudu, tana surutu, kuma ni ma Kaka take ce mini. Idan za ta kalle ka sai ta karkata kai gefe. Kwanan baya na je gidan, ta hau cinyata ta ce za ta nuna mini wani wasa da ta iya. Ta ɗora tafin hannunta a kan idonta na dama, ta ce, "Kaka, ka gani? Na kashe wuta." Ta cire hannun ta ce, "Na kunna." Tana ta dariya. Sannan ta kama hannuna ta ɗora mini a kan nawa idon, ta ce, "Kai ma kashe." Ta ɗauka kowa da hannu ɗaya yake kashe tasa. Ubanta na tsaye a bakin ƙofa yana jinmu, ya juya ya fita.

Allah ya tsare mata idon da ya rage. Allah ya ba uwarta ladan haƙuri, ya yafe wa ubanta, ya yafe mana baki ɗaya. Allah ya jiƙan tsohon likitanmu da duk waɗanda suka zauna a kan bencin nan suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa albarka a wannan sabon asibiti da hannuwan da za su yi aiki a cikinsa, ya bar mana maganin da ya rage da ƙarfinsa har jikokinmu. Allah ya kai direbobinmu lafiya, ya dawo da su lafiya, ya sa abin da za su shigo da shi gida ya zama alheri kaɗai. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.